Ƙasar da Surukina Ya Ƙulla

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Surukina, mahaifin maigidana, ya rasu wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na kusa da turken awaki, nan gidanmu na Unguwar Rogo. Bai yi doguwar jinya ba. Kwana huɗu bai taɓa tuwo ba, a na biyar ya ce a buɗe masa ƙofa iska ta shigo, shi ke nan.

Karatun nan da girmana na yi shi, a ajin yaƙi da jahilci, don haka in rubutun ya karkace a yi haƙuri da ni. Abin da ya sa na ɗauki fensir shi ne na ga mutumin nan zai tafi da sunan da ba nasa ba, kuma waɗanda suka san nasa na gaskiya duk sun riga shi kwanciya.

Kafin azahar gida ya cika da mata. Wata tsohuwa ta taso tun daga wajen Hubbare da sandarta, ta zauna bakin rijiyarmu tana share hawaye da gefen zane.

Ta ce, “Ruwan da munka sha shekara da shekaru, hannunai na. Allah shi shayar da shi.”

Aka amsa da amin. Amma a bayana, inda nake dama fura wa masu gaisuwa, wasu mata biyu suna magana ƙasa-ƙasa, idonsu a kan ƙofar ɗakin mamacin.

“Kin leƙa? Igiyoyi na rataye, ƙulli bisa ƙulli, tun daga rufi har ƙasa.”

“Ni? Ko da kuɗi ba ni leƙawa. Allah dai shi sa ya tuba kahin cikawa.”

Gwaggon maigidana, wato ƙanwar mamacin, ta ji su sarai. Ba ta tsawata musu ba. Kuka ta ƙara, tana cewa, “Na hwaɗa mai, na hwaɗa mai, ya ƙi ji.” Kuma kukan nata na gaskiya ne, don tana son ɗan'uwanta. Tsoro take ji masa.

Da maza suka dawo daga maƙabarta na kai wa maigidana ruwa, na tambaye shi a hankali, “Wace irin ƙasa anka hiddo wurin haƙa?”

Ya dube ni. “Ƙasa kuma? Ƙasa dai.”

“Ja ko fara?”

“Ban duba ba. Ke ma kin fara?”

Na ɗauki ƙwaryata na koma.

Bayan la'asar wan maigidana, babban ɗan mamacin, ya faɗi abin da ya yanke. Ranar sadakar uku zai fito da ƙulle-ƙullen nan gaban Liman da jama'a, a buɗe, abin ƙonawa a ƙone, don duniya ta shaida 'ya'ya ba su da hannu a tsibbun ubansu. Ni na san in aka yi haka, aka tashi a kan boka ne, to boka za a riƙa ce masa har jikokin jikoki. Kuma a duk gidan ni kaɗai na san abin da ke cikin ƙulle-ƙullen. Ni ce kuma wadda ba ta da bakin magana, surukar gida.

Bari in faɗi ko wane ne shi.

Haƙar rijiya ya gada. Gajere ne, faffaɗan ƙirji, ƙusoshin hannunsa ba su taɓa yin fari ba ko ranar sallah. Ba ya son hayaniya. In ana gardama a zaure sai ya tashi ya shigo ya zauna wurin awakinsa. Abu ɗaya na san yana tayar masa da rai, ya ga an zubar da ruwa a banza. Ko ruwan wanke-wanke ne sai ya ce a kai gindin lalle.

Shekarun farko da na zo gidan, ba mu taɓa haɗa ido ba. Kunya ce ta suruki da suruka, in yana tsakar gida ni ina ɗaki. Da na samu cikin fari, kwaɗayin ƙasa ya kama ni. Sai na riƙa zagawa bayan ɗaki ina ɓantarar katanga ina ci a ɓoye, har wurin ya yi ramu-ramu. Wata safiya ina tankaɗe sai na ji shi a turke, ya ɗaga murya yadda zan ji.

“Ke akuya, wagga katanga da kashin jakai anka kwaɓa ta. Wanda duk ka cinta, tsutsa za ta ci shi.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Washegari na buɗe ƙofa na tarar da ɗan akushi a rufe. A ciki yumɓu ne fari-fari, an gasa shi a garwashi, mai ƙamshi kamar sabuwar randa. Daga turke na ji ana cewa, “Ke akuya, kaɗan-kaɗan aka ci. Ba tuwo na ba.”

Na yi ta maza, na ce, “Akuya, ki ce an gode.”

Akuyar nan ta yi mana dillancin magana shekaru, har ta mutu 'yarta ta gaje ta.

Labarin Bature kuwa sai da ya tsufa na ji shi daga bakinsa. Ya ce ba a daɗe da shigowar Nasara garin nan ba, yana saurayi, suna haƙa wata rijiya da mahaifinsa a bayan ganuwa. Al'adar gidansu ce, ƙasar kowace gaba a tara ta daban a bakin rami, a jere, don su san inda za a yi wa rijiya ɗauri kada ta rufta. Gaba ita ce awon hannu biyu in mutum ya buɗe su. Sai ga wani Bature a kan doki, da guduma a ɗamara. Ya sauka ya yi ta zagaya tulin ƙasar nan, ya durƙusa, ya murza, ya sansana. Bayan kwana biyu aka aiko daga sama cewa yaron nan mai jera ƙasa zai bi Baturen duwatsu. Ba a tambaye shi ko yana so ba. A lokacin duk wanda aka gani bayan Nasara, ko a masallaci sai a ɗan matsa daga gefensa.

Rani biyu ya yi yana binsa. Suka bi gulbi suka yi gabas, kwana da kwanaki, har duwatsun Kwatarkwashi. Kowane zango Bature ya sa shi ya ɗebo rairayin gulbi a akushi, ya yi ta rairaya da ruwa har farin ya tafi, ya bar wani baƙin gari mai nauyi a ƙasan akushin, da 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli. Da suka isa duwatsun, Bature ya fasa dutse, ya sa aka daka a turmi, aka rairaye. Sai ga baƙin garin nan, ga ƙyallin nan, iri ɗaya sak.

Surukina ya ce a nan jikinsa ya yi sanyi. Tafintan da ke tare da su ya bayyana masa abin da Baturen ke nufi. Duwatsun nan da ake gani kututture ne kawai. Da can wasu irin tsaunuka ne da suka tokari sama, ruwa da rana suka yi ta cinsu, gulbi yana kwashe ɓarɓashin yana kaiwa yamma, yana shimfiɗawa falle bisa falle.

Yakan ce, “Wanga rairai da kuka wankin tukunya da shi, jikan dutsen gabas na. Ku riƙa yi mai sannu da hanya.”

Akwai kuma wata 'yar kwalba da Baturen ke ɗiga ruwanta a kan dutse. In farin dutse ne irin na yammacin garin nan, sai ya yi kumfa yana tsuwa. In na gabas ne, ko gezau. A cikin farin dutsen nan ake samun katantanwa da haƙoran kifi sun zama dutse, a wurin da ko tafki babu. Baturen ya ce teku ta taɓa kwanciya a inda Sakkwato take. Ya ce in ka ga katantanwa iri ɗaya a rijiyar wannan gari da ta wancan, to ƙasashen biyu tsara ne, lokaci ɗaya aka shimfiɗa su, kuma kullum ta ƙasa ita ce yaya, ta sama ƙanwa. Wannan duk surukina ya karɓa, don ya gani da idonsa. Inda suka rabu shi ne ƙidayar shekaru. Baturen ya faɗi wani adadi da tafinta ya rasa yadda zai juya shi da Hausa, ya ɗebi rairayi cike da hannu ya ce kamar haka.

Surukina ya ce wa tafinta, “Tambaye shi wa yaƙ ƙirga.”

Baturen ya yi dariya, ya nuna akwatunan da suka cika da duwatsu. Ya ce a ƙasarsu akwai masu niƙa dutse su narka shi, su auna abin da ke cikinsa, dutsen ya faɗi asalinsa da shekarunsa. Ya ce in amsa ta zo zai gaya masa. Surukina ya ɗauki akwatunan nan a ka har inda aka ɗora wa jakai. Baturen ya tafi hutu ƙasarsu, bai dawo ba. Amsar ma ba ta zo ba. Har ya tsufa, in ya ji an ce sabon Bature ya sauka a bariki, sai ya ce a tambayo ko na duwatsu ne. Daga baya ya daina tambaya.

Kan shekarun, abin da ya tsaya a kai ke nan: “Ni dai gaba bakwai na iske katantanwa. Wanda ya aje ta can, Shi ya san rana.”

Ya koma haƙarsa, amma da sabuwar ɗabi'a. Duk rijiyar da ya haƙa sai ya murɗa igiya ɗaya ta kaba. Kowace gaba ya ɗebi ƙasarta cikin tafin hannu, ya ƙulle a tsumma, ya ɗaura a igiyar bi da bi, ta sama a sama, ta ƙasa a ƙasa. A kan kowace igiya akwai alamar garin: wannan ɗan guntun fata, wancan ƙwallon goriba, wancan ƙwayar wuri, irin kuɗin da. Ba shi da kwalbar Bature, sai ya gano lemun tsami ma yana yi, in an kankare dutsen ya zama gari. Kumfar ba ta da yawa, sai an kara kunne ake jin tsuwar.

To, ku duba da idon maƙwabta. Ga mutumin da ya bi Nasara daji rani biyu. Ya dawo yana ƙulle-ƙulle a igiya, yana matsa lemo a dutse yana kara kunne. Sannan aka zo haƙa rijiya can wajen Gidan Igwai, tun wurin yana gonaki, ya je ya duba, ya dawo ɗaki ya jera igiyoyi uku a ƙasa ya yi ta kallo, ya koma ya ce kada a haƙa a nan, a gangara wajen tsamiya, za a sami ruwa a gaba takwas bayan an fasa farin dutse. Aka haƙa, gaba takwas cif. Me za su ce? Cewa suka yi aljanun ƙasa ke gaya masa. Da farko yakan yi bayani. Mutane su ce to, su tafi suna ƙifta wa juna ido. Daga baya ya gaji. In aka ce, “Baba, wa ka hwaɗa maka?” sai ya ce, “Ku dai sha ruwa.”

'Ya'yansa babu wanda ya shiga rami. Dukansu biyu dillancin shanu suka kama. Babban shi ya fi jin zafin maganar mutane, don a kara, kasuwar shanu, ana kiransa ɗan mai hira da dutse. Wata rana ya shigo ya tarar da tsohon a tabarma, lemo a hannu ɗaya, dutse a kunne. Ina madafa ina jinsu.

“Baba, don girman Allah ka bari. Kasuwa ba ni iya ɗaga kai.”

“To duƙar da shi, ko ka ga abin da kaka takawa.”

“Ka bar mu muna ƙanana kana yawon ramu, yanzu kuma ka bar muna abin kunya.”

Tsohon ya ajiye dutsen, ya juya wajen awaki. Damina guda ba su haɗa hannu a akushi ba. Sun shirya daga baya, irin shirin da ake yi don idon mutane, gaisuwa da safe, gaisuwa da yamma.

Kowane rani yakan sauke igiyoyin ya sauya tsumman da suka ruɓe. Da yanar ido ta rufe masa gani, aikin ya gagare shi, kuma ba wanda zai taɓa. Wata rana na ji shi yana lalube, ƙulli ya faɗi ya fashe, ya yi wani irin nishi da ban taɓa jin ya yi ba. Lokacin ina da 'ya'ya biyar, kunya ta ɗan saki. Na shiga na durƙusa na ce, “Baba, kawo in ɗaure.”

Haka muka yi rani tara. In kwance ƙulli, in zuba masa kaɗan a tafi, ya murza, ya kai haƙori. Wadda ta yi ƙaras-ƙaras rairayi ce, wadda ta liƙe a harshe yumɓu ce, mai ɗan gishiri-gishiri ba a son ruwanta. Ya ce in ɗanɗana, in ɗanɗana. Ya faɗi garin, ya faɗi wanda ya riƙe masa igiya a bakin rami, da wanda ƙasa ta rufta wa, da inda aka yi musu fura mai kyau. Wani lokaci yana cikin faɗa sai ya katse, ya ce, “Wa za shi tambaye ki wanga? Ɗaure dai.” Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a kwance ƙulli biyu a lokaci ɗaya, kada kuma ƙulli ya bar mazauninsa a igiya.

Ranar sadakar uku, da sassafe ina dakan gumba, na ji motsi a ɗakin mamacin. Na leƙa. Wan maigidana ne da wuƙa. Igiyoyin sun sarƙe masa, sai ya ga ya fi sauƙi ya yanke ƙulle-ƙullen ɗaya-ɗaya ya zuba a kwando. Kafin in iso ya kusa gamawa. Igiyoyi goma sha bakwai a ƙasa tsirara, ƙulle-ƙulle a kwando kamar tallan daddawa. Na tsaya da taɓarya a hannu. Bai ko dube ni ba, ya ɗauki kwandon ya yi zaure.

Igiya ɗaya ta tsira, ta rijiyar gidanmu, don tana ɗakina. Ita nake sauya wa tsumma makon da ya kwanta. Na ɗauko ta na sami Gwaggo.

“Gwaggo, ki taimake ni. Ki kai wa Malam wagga, ki ce kada shi kwance sai na hwaɗi abin da ke ciki.”

“Ke! Surukar gida ka magana cikin zaure? Ina anka taɓa yi?”

“Ba ni za ni yi ba. Ke za ki yi. Ɗan'uwanki na.”

Ta dubi igiyar kamar maciji. Ta naɗe hannu da gefen zane, ta yi bisimilla sau uku, ta karɓa. Ta tsaya a ƙofar zaure ta ciki, ni ina bayan zana a tsugune. Na ji Liman ya ce to, a yi hakan.

Na ce, “Na farko jar ƙasa, da saiwar ciyawa.”

Gwaggo ta ɗaga murya, “Allah gafarta Malam, tac ce wai jar ƙasa ta. Ni dai ba ruwana.”

Sai muryar Liman, “Jar ƙasa ta.”

“Na biyu da na uku marmara. Na huɗu tsakuwa baƙa mai nauyi. Na biyar yumɓu mai ruwan toka, yana ɓarewa falle-falle.”

Gwaggo tana faɗa, Liman yana kwancewa yana amsawa. Da aka zo na bakwai na ce farin dutse ne, da rabin katantanwa a jikinsa. Na ji zauren ya ɗauki guna-guni. Sai wani ya ce da ƙarfi, “To ai wanga shi na duban! Tana bayan zana tana ganin cikin ƙulli. Ya bar mata gado ke nan!”

Ban yi tunanin wannan ba. Na zo fitar da shi, ga shi ni ma zan faɗa ramin. Na ji maigidana yana cewa a bar maganar haka nan.

Liman ya ce wa Gwaggo, “Hajiya, tambaye ta ƙaƙa tas sani.”

Na ce, “Ki ce rijiyar tana nan tsakar gida. Su zo su duba.”

Aka yi gafara, mata suka shige ɗakuna, maza suka shigo. Ta kafar asabari nake kallo. Rana ta ɗago, Liman ya ce a ba shi madubi. Ya tare hasken ya jefa shi cikin rijiyar, ya sa aka miƙe igiyar a ƙasa kusa da ƙafarsa, tsumman a buɗe kowane da ƙasarsa. Ya duƙa ya daɗe. Ga ja a sama, ga marmara, ga baƙi, ga ruwan toka, ga fari can kusa da ruwa, kamar yadda suke a igiyar. Ya sa aka kawo lemo, na aika da yadda ake yi, ya kankare farin dutsen ya matsa, ya kara kunne. Wani ya ce, “Malam, mi yac ce?” Liman ya ce, “Abin da kanwa ka cewa in ta gamu da tsamiya.”

Ya miƙe ya kakkaɓe hannu. Ya sa aka kwance fiye da ashirin daga na cikin kwandon, ba laya, ba gashi, ba ƙashi.

Ya ce, “Jama'a, babu komi nan sai ƙasar Allah. Bawan Allah rubutu yay yi, don shi tuna abin da yag gani. Wanda duk yac ce mai boka, shi nemi gafara.”

Gwaggo ta zube a ƙofar zaure tana kuka tana hamdala. Ni ma na ɗauka an gama.

Sai wani daga baya ya ce, “Wai shekara arba'in shina tara ƙasa cikin ɗaki? Zanzaro ke nan, mai tara laka!” Aka yi dariya, irin wadda ake dannewa a gidan makoki ta ƙi dannuwa. Wani ya ce ashe ba asiri ba ne, taɓuwa ce, ranar gabas ta buge shi tun yana yaro. Kafin a raba gumba maganar ta zaga har wurin mata. Matan nan biyu da suka ƙi leƙa ɗakin, su ne suka fara shiga suna kallon turakun da aka rataye igiyoyin, suna “Allah sarki, tsoho.”

Na ga fuskar wan maigidana. Da ana tsoron ubansa, yanzu ana yi masa dariya, kuma ban san wanne ya fi ci masa rai ba. Kafin azahar ya ɗauki kwandon, ya haɗa da ƙasar igiyar gidanmu da ke shimfiɗe, ya kai kududdufin bayan unguwa ya juye. Ƙarfina ya ƙare a bayan zanan nan. Na koma na ƙarasa wanke-wanke.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, ina tsince shinkafa da yamma, maigidana yana gyaran turke, sai wansa ya yi sallama ya shigo. Ya tsaya nesa kaɗan, yana ta juya wani abu a aljihu.

“Amarya.” Haka yake kirana har yau, da furfurata.

“Na'am, Yaya. Sannu da zuwa.”

Ya fito da ƙulli ɗaya, na baƙin saƙi da ya koɗe. Na san shi. Tsohon bai taɓa yarda a sauya wannan tsumman ba, sai dai a ƙara masa wani daga ciki, kuma bai taɓa faɗin dalili ba.

Ya ce, “Wanga ya maƙale ga gindin kwando. Zanen innarmu na. Ko cikin dubu na san shi.” Ya juya ƙullin a tafinsa. “Shekarar da tar rasu, shina wata rijiya. Sai da munka kwana biyu da rufe ta yaz zo. Ban taɓa tambayatai wace rijiya ta ba. Ke da kin san su, duba mani.”

Na goge hannu na karɓa. Na kwance, na murza, na kai haƙori. Rairayi ne mai kaushi, da ƙyalli a ciki, da 'yan baƙaƙen ƙwayoyi.

Na ce, “Daga duwatsun gabas yat taso, gulbi ya kawo shi. Irin wanda aka iskewa dab da ruwa na. Ina jin gaba ta ƙarshe ta, ranar da ruwa yaf fito. Ba a barin rami a wannan gaɓar, ruftawa shika yi.”

“Wane gari?”

“Duk rijiyar da ke bakin gulbi tana da irinai.”

“Amarya, wane gari?”

Da na so, da na kama sunan wani gari na ba shi, ya tafi da shi ya huta. Ba wanda zai ƙaryata ni. Na dubi rairayin a tafina, na daɗe.

Na ce, “Ban sani ba, Yaya. Igiya ka hwaɗin gari.”

Ya tsaya. Maigidana ya bar abin da yake yi, bai juyo ba. Can sai wan nasa ya miƙo hannu biyu, na juye masa rairayin a tsumman, har wanda ya maƙale a tafina na kakkaɓe masa. Ya ƙulle da kansa, ƙullin dillalin shanu, mai kauri, ba irin na tsohon ba. Ya mayar aljihu.

Ya ce, ba da ni yake ba, “Ashe dai karatu na.”

Ya fita bai yi sallama ba.

A kasuwa har yau Zanzaro ake ce wa surukina in an tashi ba da labarinsa. A zaurenmu dai an bari, tun ranar da wani baƙo ya faɗa, babban ɗan ya tashi ya naɗe tabarmar da mutumin ke zaune a kai. Iyakar abin da na iya samo masa ke nan, zaure ɗaya.

Allah ya jiƙan surukina, ya yafe masa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da bayinsa. Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, in ya taɓa shan ruwan rijiya a garin nan, ya yi masa addu'a ko da sau ɗaya ne. Amin.